Gayyar Malam Sha'ibu

Da na dawo gida bayan shekarun da na yi ina karatu a nesa, na tarar mutanen Ƙetare suna kiran wani malamin firamare da suna Mai Gayya. Sunansa na yanka Sha'ibu. Dogo ne, tafin hannunsa duk kanta, ba ya son doguwar magana. Sai da na yi ta zuwa wurinsa kafin ya ba ni rabin labarin, sauran kuma na ji shi daga bakin hedimastan da ya fara karɓarsa.

Sha'ibu ya gama aji bakwai, mahaifinsa ya rasu, ya koma gona shekara takwas. Da gwamnati ta ce za a ba kowane yaro ilimin firamare kyauta, sai aka shiga neman malamai ido rufe, kwalejojin horon malamai suka buɗe ƙofa har ga irinsu. Ya shiga yana da shekara ashirin da bakwai. Matarsa Indo da 'ya'ya biyu ya bar wa wansa Amadu, haɗe da gonar. Amadu ya ce ya ji, amma damina uku kawai zai riƙe, ba ƙari.

A kakar 1977, shekararsa ta ƙarshe, aka raba musu fom na gwajin koyarwa. Ɗalibi zai kai fom ɗin da ƙafarsa wurin hedimasta ya sa hannu, sannan malamin kwaleji ya zo ya ga ajin da idonsa, ya tabbatar akwai yara aƙalla ashirin da biyar masu zuwa. Wanda bai samu makaranta ba sai ya maimaita shekara. Sha'ibu kuwa ba shi da damina ta huɗu.

Ya makara da kwana biyar, saboda ya biya gida ya tarar Indo ba lafiya. A Ƙanƙara hedimasta ya ce sun riga sun ɗauki shida. A Faskari aka ce da ya zo jiya da an duba. A Tafoki ya wuni a ƙofar ofis, aka ce hedimasta ya yi tafiya. Nan wani masinja ya ce masa akwai sabuwar makaranta a gaban Sabuwa, a Unguwar Almu, wadda ba wanda ya nema. Ya hau motar katako zuwa Sabuwa, ya ƙarasa da ƙafa ta cikin daji.

Azuzuwa biyu ya tarar, rufin kwano sai ƙyalli yake, yawancin bencinan ko zama a kansu ba a yi ba. Hedimasta, Malam Lawwali, shi kaɗai ne malami. Ya sa hannu a fom ɗin bai ko karanta ba.

"Sa hannu ba wuya," in ji shi. "Suna hamsin da takwas gare ni a rajista. Huɗu ke zuwa."

Samarin ƙauyen duk sun tafi Kaduna leburancin gini. Dawa ta nuna, tsuntsaye sun sauka, ba hannun da za a sake. Yaran suna gona tun asuba da majaujawa. Malamin kwaleji kuwa, Malam Sanusi, ranar Alhamis ta sama zai zo. Kwana goma sha biyu ke nan.

Sha'ibu ya bi gida gida. Ko'ina a shimfiɗa masa tabarma, a ce in Allah ya yarda. Washegari yara huɗun nan dai. A rana ta uku yana zaune a aji sai ya ji gangar noma daga gabas. Ya tuɓe rigar kwaleji, ya ari magirbi, ya bi sautin. Gayya ce a gonar Baba Gide, sarkin noman ƙauyen, magidanta sun jeru suna kwantar da karan dawa.

"Malam, alli ka saba riƙewa," in ji Baba Gide. "Kada ka sare ƙafarka a ce mu muka ja."

Aka yi dariya. Sha'ibu ya kama layinsa. Kafin azahar sun daina dariya, da aka zo ɗaurin dami kuwa har wasu suka tsaya kallon yadda yake murɗa igiya. Kwana takwas ya yi yana bin gayya, gonar Musulmi da ta Maguzawa bai ware ba. Ranar Talata ya sayi goro ya raba gida gida, yadda mai kiran gayya yake yi.

"To Malam, ina gonar taka?" in ji Baba Gide.

"Ga ta can, Baba, mai rufin kwano. Alhamis da hantsi."

Tsohon ya jinjina goron a hannu ya ce an karɓa. Sha'ibu bai ambaci yara ba. A ganinsa kowa ya san abin da ake kaiwa makaranta.

Ranar Alhamis Mero, matar Malam Lawwali, ta dama fura ƙwarya uku. Da hantsi ganga ta taso daga cikin gari. Sha'ibu ya fito bakin aji, sai ya ga magidanta sun fi talatin, kowa da magirbi ko gatari a kafaɗa, Ɗanliti makaɗi a gaba. Ba yaro ko ɗaya. Har huɗun da suka saba zuwa an tura su gona, tunda iyayensu sun baro ta.

Sha'ibu ya matsa kusa da Baba Gide. "Baba, yaran fa?"

Baba Gide ya haɗe fuska. "Yara? Ka yi mamu kwana takwas da hannunka, mu kuma mu turo maka ɗan shekara shida? Wa ka taɓa ji an yi ma wanga raini? Nuna mamu aiki."

Kafin Sha'ibu ya haɗa amsa an kewaye ƙoren fura. Suka sha, suka duba ba su ga gona ba, sai suka far wa ciyawar filin makaranta. Rabin awa suka gama da ita. Suna tsaitsaye suna jiran a nuna musu wani wurin aka ji ƙarar babur.

Malam Sanusi ya sauka yana ɗingishi, wandonsa a yage wajen gwiwa, don sau biyu hanya ta kayar da shi. Ya dubi taron, ya shiga aji, ya dubi bencina. Ya miƙa hannu aka ba shi fom.

"Yara nawa ke zuwa?"

Malam Lawwali ya fara jawo rajista. Sha'ibu ya riga shi. "Huɗu, ranka shi daɗe. Yau ko ɗaya babu."

Malam Sanusi ya cire murfin biro, ya ɗora fom ɗin a kan tebur. Sha'ibu ya san layin da za a cike, na maimaita shekara, ya ga an cike wa wasu.

"Wanga kuma wane ne?" Baba Gide ne ya leƙo ta taga.

Malam Lawwali ya ce mai duba aikin Malam ne, kuma ya ce aikin bai yiwu ba.

"Bai yiwu ba?" Tsohon ya zagayo ya shigo har gaban tebur da magirbinsa. "Mun karɓi goron mutum, mun sha furarshi, a ce aikinshi ya kwana? A ji wanga zance a kasuwar Sabuwa, mu sa fuskarmu ina? Faɗa mamu abin da ya rage."

Malam Sanusi ya ajiye biron. Ya ce yara ashirin da biyar yake nema, kuma ba na yau kaɗai ba, kullum har sati shida.

Wani Bamaguje mai suna Ɗanhausa ya ce daga waje, "Aradu, sati shida? Tsuntsu mu ka noma wa ke nan bana."

Aka hau guna-guni. Wasu har sun saɓa kayansu. Sha'ibu ya fito bakin ƙofa.

"Baba Ɗanhausa, yaushe tsuntsu ke sauka?"

"Da sassafe, sai kuma la'asar. Kai ma ka sani."

"To ku ba ni su daga hantsi zuwa azahar, lokacin da tsuntsu ke inuwa. In an tashi, ni da kaina zan bi su gona. Duk wanda ke da damin ɗauri, ina nan har a kai rumbu."

Baba Gide ya daɗe yana kallon hannuwan Sha'ibu, waɗanda suka kumbura suka tsattsage. Sannan ya juya ga makaɗi.

"Ɗanliti, kira mamu su."

Malam Sanusi ya duba agogo ya ce ƙarfe goma sha biyu zai tashi, akwai wata makaranta a gabansa. Ɗanliti ya hau tudu yana kiɗa, magidanta suka bazu cikin gonaki suna ƙwala kira. Sha'ibu ya tsaya a ƙofar aji, bai iya zama ba. Sha ɗaya ta wuce yara bakwai ne kawai. Sha ɗaya da rabi, goma sha biyar. Malam Sanusi ya fita ya duba tayar babur ɗinsa, ya ɗaure jakarsa a baya. Sai ga wani ayari daga gonakin bakin rafi, Ɗanhausa na kora su da karan dawa, majaujawa rataye a wuyan kowa. Malam Lawwali ya ƙirga sau biyu. Talatin da ɗaya.

"Koya musu wani abu in gani," in ji Malam Sanusi.

Yatsun Sha'ibu suka ƙi lanƙwasa. Allin farko ya karye, na biyu ya faɗi ƙasa. Iyaye sun cika tagogi suna kallo. Ya dunƙule na uku a tafin hannu kamar ƙotar fartanya, ya ja layi ɗaya a allo, ya ce wannan ɗaya ce. Yaran suka amsa, wasu iyayen ma suka amsa.

Malam Sanusi ya sa hannu a tsaye. Ya ce zai dawo, kuma ba zai faɗi rana ba.

Da azahar aka tashi yaran. Sha'ibu ya sa fom ɗin cikin littafi ya ba Malam Lawwali ajiya, ya tuɓe riga, ya bi bayan Ɗanhausa zuwa bakin rafi, inda dawa ke zube tana jiran ɗauri.