Dutsen Gefen Mihrabi

Ranar da ruwan sama ya tsare Nezihe a tsohon masallacin sarakuna na garinsu Manisa, wani dattijo ne ya tsame mata takalmanta daga ruwa, ya jingine su a bango, ya wuce. Har yau ba ta san sunansa ba.

Tun rasuwar maigidanta takan zauna a baya bayan azahar, tana ganinsa. Siriri ne, rigar sanyinsa ta yi masa yawa. Ba ya ɗaga kai ya kalli ƙubba kamar baƙi. Dogon dutsen gefen mihrabi yake nufa, wanda magina suka kafa don ya riƙa juyawa muddin ginin bai karkace ba. Yakan murza shi, ya sauke numfashi. Tana zaton girgizar ƙasa ta taɓa rushe masa gida da iyalinsa a ciki.

Yau ya murza, dutse bai motsa ba. Ya goge tafinsa, ya sake murzawa, amma a banza. Ya waiwayo, babu kowa sai ita.

"'Yar'uwa, don Allah zo ki juya mini. Ban sani ba, masallacin ne ya gaza ko hannuna."