Fayil Mai Sunan Malam

Farkon kafa Jihar Kebbi na samu aiki a wani ofishin kula da kamun kifi a Yelwa. Kwamfuta ɗaya gare mu, kuma kowane fayil sunan wani masunci ake sa masa. Mai buga mana takardu dattijuwa ce daga Shanga, Inna muke ce mata.

Wata safiya Oga, shugaban ofishinmu, ya shigo yana huci. Baƙi na tafe daga Birnin Kebbi, rahoton da Inna ta buga ya shige cikin tulin fayiloli, abokin aikin da ke buɗe mata shi kullum kuma an mayar da shi Wara. Oga ya rantse in bai ga rahoton ba kafin azahar, Inna ta koma gida.

Na ce, "Inna, mene ne sunan fayil ɗin?"

Ta sunkuyar da kai. "Mai sunan Malam ne."

Wato masuncin sunansa ɗaya da mijinta! Babu wanda ya san sunan Malam a ofishin. Na ce to ta rubuta. Ta ce, "Ɗan nan, rubutu ma ai faɗa ne." Na fara jero sunaye, ta ce ko na dace ba za ta amsa ba. Wallahi sai da na ji kamar in ciji tebur.

Can ta nuna mini wata lamba da ta rubuta da biro a jikin teburinta, wadda na'urar ke nunawa gefen sunan. Da ita take gane abinta.

Matsalar ita ce ba a buɗe fayil da lamba: lambar ba ta san sunan fayil ba, sunan ne ke riƙe da lambar. Sai na rubuta wa na'urar 'yan umarni: ta shiga folda-folda kamar mai cigiyar akuya, ta tambayi kowane suna lambarsa, in ta dace ta tsaya. Na'urar ta yi ta gurnani, Oga na tsaye a kaina yana kallon agogo, ni gumi har cikin takalmi.

Ana kiran salla sunan ya fito ɓaro-ɓaro. Na kwaɗa shi da ƙarfi don murna. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Marar kunya!" Amma ta zauna a kujerarta har ta yi ritaya.

Kada ku tambaye ni sunan. Bayan 'yan shekaru na auri 'yarta, Malam ya zama surukina, yanzu ni ma bakina ba ya iya faɗarsa.