Igiyar Cajin Inna

Shekarun baya, da na gama karatu a Yamai na dawo Tawa, sai na tarar sa'o'ina duk sun tafi cin rani, wasu Abijan, wasu Libiya. Har abokina da muka koyi haɗa na'urori tare ya bi su. Ni kaɗai na toge, wai ni mai ilimi, na ce zan haɗa abin da zai riƙa kunna famfon garkar albasar babana in ƙasa ta bushe. Baba ya ce in gwada, in bai yi ba kafin dashe, in ɗauki jaka in bi 'yan'uwana.

Ƙwaƙwalwar abin wani ɗan kati ne da bai kai tafin hannu ba. Kana rubuta program, wato umarnin da katin zai bi, a kwamfuta, ta harhaɗa shi, sannan ka tura shi cikin katin ta igiya. Nawa yana harhaɗuwa lafiya lau, amma da na danna turawa sai jan rubutu na kuskure ya fito. Fitilar katin tana ci, kwamfuta kuwa ta rantse ba ta gan shi ba. Na sayo wata igiya a kasuwa, duk ɗaya. Na aika wa abokina saƙon murya, shiru. Wallahi rashin wanda zan ce wa "zo ka gani" ya fi kuskuren ci mini rai.

Wata rana da azahar mahaifiyata ta shigo da wayarta in sa mata caji, da igiyar da yayana ya aiko da ita daga Abijan. Don rashin abin yi na soka ta a katin, na danna. Sai ga shi ya shige! Ashe igiyoyin da nake fama da su wuta kawai suke kaiwa, ba sa ɗaukar saƙo.

Na yi tsalle har na buge gwiwa a tebur. Inna ta tsaya tana kallona.

"Kai, lahiya? Mi ya hwaru?"

"Ya yi, Inna!"

Ba ta ko kalli katin ba. "Ke nan ba ka tahiya?"

"Ba ni tahiya."

Ta ɗauki wayarta babu caji ta fita, ta bar mini igiyar.

Famfon yana nan yana aiki, ni ma ina nan. Amma har yau, duk sanda program ya shige, sai na waiga hagu, inda abokina yakan zauna lokacin da muke koyo tare. Bai dawo ba tukuna.