Gwaggo Raili Ta Hana Sauna

Raili Pöyhönen ta yi shekara arba'in da ɗaya tana aikin ungozoma a garin Iisalmi. Jarirai dubu biyu da ɗari uku da shida ne suka faɗo a hannunta. Sau biyu na tambaye ta, shekara uku tsakani, lissafin bai motsa ba. Ba ta taɓa aure ba. Da ta ajiye aiki sai ta kama saƙa, har ta saƙa mahaifa da jan ulu, da bututunta biyu da jakar ƙwai biyu, tana yawo da ita makarantu. Gwaggon mijina Teemu ce.

Ni kuwa wata goma sha tara ina neman ciki, ga shekara talatin da bakwai a kaina. Ni ba mai zaman jira ba ce. Littafi na buɗe: rana ta sha huɗu daga zuwan al'ada in zagaye ta da biro, yadda aka koya mana a makaranta. Da'ira sha shida, shiru.

Wata Asabar cikin Mayu muka je gidanta shan kofi. Ban gama burodin kirfa na farko ba ta ce in miƙo littafin.

"Outi, kwana nawa ne tsakanin al'adarki?"

"Talatin da biyar, ba fashi."

"Ke da kike ƙirga matakalar bene, a nan kika faɗi?" Ta ɗora mahaifar ulun kan tebur, ta bi bututun da yatsa. "Daga baya ake lissafi. Ƙwai yana fitowa kamar kwana sha huɗu kafin jini na gaba, naki wajen ranar ashirin da ɗaya ke nan. Kwana ɗaya yake yi a nan. Irin namiji ya daɗe ya yi kwana biyar yana jira. Ke kuwa mako guda kike turo baƙi kafin mai gida ya iso."

Teemu ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kai kuma dariyar me, ɗan nan? Sau nawa kake shiga sauna, ɗakin wankan turirin nan mai zafi, a mako?"

Ni na amsa a madadinsa: "Shida. Minti hamsin, a bencin sama inda zafi ya fi yawa."

"Me ya sa maraina suke a waje, ba a ciki ba kamar ƙoda? Ado ne? Sanyi suke so. Kai kullum kana dafa su kamar dankali."

"Haba Gwaggo! A sauna aka haifi Kaka, kuma 'ya'yansa tara!"

"Ubana ne, na fi ka saninsa. Asabar kaɗai yake shiga, don da hannunsa yake faskaren itacen. Kai maɓallin lantarki kake dannawa."

Ta ce sabon iri yana cin kwana saba'in da wani abu kafin ya nuna, saboda haka ta yanka masa casa'in, babu sauna.

Kwana talatin da biyar ya yi lafiya. Sai ga bikin tsakiyar bazara, dangi duka a bukkar bakin tafki. Yayyensa biyu suka hura wutar sauna, ƙamshin ganyen da ake bugun jiki da shi a ciki ya cika wurin.

"Teemu, ko mu kawo maka ƙanƙara ka zauna a kai?" in ji babban yayansa Jorma.

Na ga ya ɗauki tawul. Kafin ya kai ƙofa, Gwaggo Raili ta jawo kujera ta zauna a bakinta da saƙarta.

"Ku shige, ku kun gama naku aikin. Wannan yana kan gaɓa. Jorma, ka ƙara magana in faɗa wa matarka kukan da ka yi ranar da na yi maka allurar farko."

Teemu ya koma bakin tafki, ya tsoma ƙafa a ruwa yana korar sauro.

Ranar tamanin da takwas, layi biyu suka fito a abin gwaji. Na sake gwadawa sau uku, sannan na buga mata waya.

"Gwaggo, wanne ne ya yi aiki, lissafina ko saunarsa?"

"Ban sani ba, kuma ba wanda zai sani. Ki rage kofi, ki kira asibitin masu ciki da safe. Ba ni yaron nan in ji muryarsa."