Sabuwar Ƙafar Tsohuwa

Autan gidanmu ya yi furfura, ya aurar da 'ya, amma har yau Auta muke ce masa, kuma har yau bai yarda akwai abin da ya fi ƙarfin gyara ba. Tun yana yaro haka yake. Shi ya taɓa kwance agogon bangon Baba, ya mayar, ƙananan kusoshi suka ragu a hannunsa, ya dube mu ido cikin ido ya ce dama sun yi yawa.

Sana'arsa dakon ƙwai. Yana da wata akori-kura da ta taɓa zama fara, muna kiranta Tsohuwa. Kullum da safe yakan je gonar Hajiya mai kaji, ya jera kiret-kiret a baya, ya raba wa shaguna da gidajen burodi. Da wannan ya ci da iyalinsa, da wannan yara suka yi karatu. Ƙofar direba sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa, hon kuwa sai ya ga dama yake kuka. Duk wannan bai taɓa damun kowa ba.

Abin da ya dami kowa shi ne ƙafar gaba, wato sifirin da shokazoba da sauran ƙarafan da ke riƙe da tayoyin gaba. Sun gaji. Hanyar gonar ramuka ce zalla, in Tsohuwa ta faɗa ɗaya sai ka ji shi har cikin haƙoranka. Mutum yana iya daurewa. Ƙwai ba ya iyawa.

Ranar da Hajiya ta kai bango, a gaban ma'aikatanta ta tare shi.

"Malam direba, mai gidan burodi ya ce in yi maka godiya. Ya ce amma ka daina taya shi fasawa, yana da masu yi."

"Hajiya, hanya ce..."

"Hanyar nan kowa ita yake bi. Akwai wani mai sabuwar mota, ya ishe ni da zarya. Zan yi maka haƙuri zuwa Litinin. In aka sake kawo mini kiret yana ɗiga, ka yafe ni, na yafe ka."

Wani zai je ya sayi irin kayan da suka lalace ya mayar. Auta kuwa sai ya shiga kasuwar kayan mota, ya dawo da ƙafar gaba sukutum, wadda aka ciro daga wata sabuwar fita da aka daka ta baya. Mai kayan ya rantse masa gida ɗaya suka fito da Tsohuwa, jikarta ce. Auta ya zo yana walƙiya kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Ya kuma ƙi kai motar gareji. Ya ce a tsakar gida za a yi aikin, ya ga kowane noti da idonsa. Bakanikensa, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya zo ya tsuguna, ya dubi tsohon ƙarfe, ya dubi sabo, ya sosa ƙeya da sifana.

"Zai shiga?" in ji Auta.

"Zai shiga. Sai dai a lallaɓa shi."

A nan ne ya kamata in gabatar da Yaya, babban wanmu. Tun da ya ajiye aiki, matarsa kuma ta rasu, ya dawo ɗakin da ke bakin ƙofar gidan Baba, inda Auta yake zaune da iyalinsa. Allah ya hore wa Yaya jiki. In ya zauna a kujerar roba, sai an haɗa biyu. Bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa, amma hakan bai hana shi sanin komai game da mota ba. Ya jawo kujerunsa inuwa tun ranar farko.

"Kai Auta, ƙafar yarinya za ka ɗaura wa tsohuwa? Gudu za ta yi ko rawa?"

"Yaya, don Allah."

"Ni ban ce komai ba. Wancan notin dai a karkace yake."

Ramukan noti ba su hau kan juna ba, aka kira mai walda. Bututun birki ya yi gajere, Auta ya koma kasuwa. Ya dawo, aka ce ba shi ba ne, ya sake komawa. Matarsa ta nemi robar wankinta, ta same ta a ƙarƙashin mota cike da baƙin mai. Ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Baban yara, in an gama da motar, a sa wa gidan nan ma sabuwar ƙafa, mu tashi mu bar maka shi."

Da yammacin Lahadi aka sauke jak. Tsohuwa ta tsaya ƙerere, hanci sama, kamar wadda ta ci gado. Auta ya zagaya ta yana shafa bonet. Babu wanda ya ɗaga kai ya dubi ƙofar gida.

Ƙofar gidanmu tana da dogon siminti a samanta, Baba ya zuba shi da hannunsa. A kan rufin motar kuma akwai kariyar ƙarfe ta ɗora kaya da Auta ya sa aka yi mata walda tun tuni. Shekara da shekaru Tsohuwa tana wucewa ƙarƙashin simintin nan da tazarar yatsa. Na zo gaisuwar safe ranar Litinin, na tarar da ita tsaye a bakin ƙofa, kariya ta toƙare siminti, Auta yana leƙe ta taga, bakanike yana kallon ƙasa.

"A fasa," in ji Auta. "A kawo guduma."

"A fasa me?" Yaya ya miƙe, kujerun suka biyo shi kafin su sake shi. "Aikin Baba? Sai dai ka fara da ni."

"To a yanke kariyar!"

Mai walda bai buɗe shago ba. Aka ce a sace iskar taya, bakanike ya ce tayoyin nan in suka kwanta ba lallai su tashi ba, mai faci kuma yana can bakin titi. Wayar Auta ta yi ƙara. Ya duba, ya ga Hajiya, ya mayar aljihu tana ta kuka. 

"Matsalarku ba ku dubawa daga inda ya dace," in ji Yaya. "Matsa, in nuna maka daidai inda take tokarewa."

Ya zagaya ɗaya ɓangaren, ya kama ƙofar motar, ya yi bisimilla, ya hau kujerar gaba. Tsohuwa ta yi wani dogon nishi, ta sunkuyar da kai. Haske ya bayyana tsakanin ƙarfe da siminti.

"Ja!" matar Auta ta ƙwalla. "Baban yara, ja yanzu, kafin ya sauka!"

Suka fice. A waje Yaya ya sauko yana faɗa, wai an mai da shi dutsen danne tabarma. Auta bai tsaya saurare ba, ya taka mota. Ko ƙarshen layi bai kai ba, Tsohuwa ta haɗu da kwatar da ta ratsa hanya, ta yi tsalle kamar ɗan akuya. Muna ji daga nan kansa ya bugi rufi.

"Injin jikar ya fi na kakar nauyi," in ji bakanike a hankali. "Sifirin nan kaya yake nema a gaba. In babu, haka zai yi ta yi."

"Shi ne ba ka faɗa ba?" na ce.

"Na ce sai an lallaɓa."

Sai ga Tsohuwa tana dawowa da baya. Auta ya sauko yana shafa kai, ya tsaya gaban Yaya.

"Yaya, ko za ka raka ni gona?"

"Me ka ce? Kunnen nan nawa ya fara nauyi."

"Na ce don Allah ka raka ni."

"Ni da ban san mota ba?"

"Yaya, Hajiya tana jira."

Yaya ya aika a ɗauko masa hularsa mai kyau. Bai yi sauri ba.

Ranar ko ƙwai ɗaya bai tsage ba. Hajiya ta bi kiret-kiret da kanta tana ɗagawa, ba ta samu mai ɗiga ba. Yaya kuwa ya yi mata bayanin yadda ya tsaya a kan aikin tun daga farko.

Auta ya gwada kuɓuta. Ya samo buhunan yashi ya jera a kujerar gaba. Da asuba ya fito ya tarar da su a jingine da bango, Yaya yana zaune a wurinsu da hula da flas ɗin shayi.

"Ni za a musanya da buhu? Buhu zai gaya maka ka rage gudu?"

Matar Auta ce ta ja shi gefe, ta ce ya bar bawan Allah, rabon da ta ga Yaya ya goge takalmi tun kafin rasuwar matarsa, sai yanzu. Auta ya shiga mota.

Yanzu kullum tare suke fita, tare suke dawowa, don ko shiga gida Tsohuwa ba ta yi sai da Yaya a ciki. Yana sanar da Auta kowane rami bayan sun riga sun faɗa. Hajiya kuwa ta ji daɗin aikin har ta ƙara masa shagunan da ke can bayan gari, tafiyar da takan kai su la'asar.

Jiya na gamu da su a mahaɗa, an tsayar da motoci. Yaya yana magana yana nuna hanya da murfin flas. Auta ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya kafa wa titi ido. Na ɗaga masa hannu na ce, "Auta, ya ƙafa?"

"Ƙafa lafiya lau," ya ce, bai ko juyo ba. "Kunne ne."