Ɓerayen Yaya Shehu da ɗakin mai jego

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Shehu a Danwarai, kuma har yau idan na ji warin maganin feshi shi nake tunawa.

Aikinsa kiwon fararen ɓeraye ne a ɗakin gwaji na wata jami'a. Shi ke ba su abinci, shi ke share musu keji. A gida tsokanarsa muke yi, mu muna kashe ɓera a rumbu, shi gwamnati na biyansa ya yi masa hidima. Sai ya yi murmushi kawai. Ya sha gaya mana cewa akan ba jariran ɓeraye ɗan maganin ƙwari, wanda bai kai ya kashe su ba. Su girma sumul, su yi ƙiba. Sai bayan watanni ka ga wasu sun kasa gane hanyar abinci, wasu jikinsu na rawa.

Da aka haifi 'yata Hafsatu, na yi abin da duk manomin albasa ke yi a nan. Na tsiyayi ragowar maganin gona, na surka da ruwa, na yayyafa a ɗakin mai jego don kada sauro ya taɓa jaririya. Kwana arba'in ban fasa ba, ina ganin gata nake yi mata. Ranar da Yaya ya shigo ya ji warin, ya ja ni waje.

"Garba, wanga abu ba yau shika nuna kai ba. Jira shikai."

Na ce masa ɗiyata ba ɓera ba ce. Wallahi har dariya na yi.

Yanzu shekarar Hafsatu goma sha huɗu. Ba ta iya zura zare a allura, karatun da ta yi da safe kafin la'asar ya gudu. Na kai ta asibiti a Jega, likita ya ce ba zai iya rantsuwa cewa maganin ne ba, ba zai kuma iya wanke shi ba. Da na sani ƙeya ce, ni kuwa kullum da ita nake tashi.

Da Yaya zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Kwalaben maganin sun ƙaru a kasuwar Aliero, har Liba da Fagada an kai su. Makon jiya maƙwabcina, wanda matarsa ta haihu, ya zo neman ragowar magani. Na hana shi, na ba shi labarin ɓeraye. Ya saurara da ladabi, ya hau babur ya tafi ya sayo.

An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Yaya bai bar gida ba, bai bar littafi ba, magana ɗaya ya bari, ita ma a bakin wanda ya ƙi jin ta. Hafsatu tana bayan ƙofa lokacin da nake ba maƙwabcin labari. Da ya fita ta ce, "Baba, ɓerayen Baffa Shehu, daga baya sun warke?"

Ban taɓa tambayarsa ba. Allah Ya jiƙansa.