Gidan Kano da Shagunan Duwala

Gida ɗaya a unguwar New Bell ta Duwala, shaguna uku a Kasuwar Kongo ta garin, sai wani tsohon gida a Kano. Abin da aminina ya bari ke nan, kuma rabon wannan gado ba zai fita raina ba har in koma ga Allah.

Tare muka fara tallar atamfa a ka, shi ya sa ya bar mini wasiyyar tsayawa kan rabon. Magada huɗu ne: 'yan mata uku haifaffun Duwala, waɗanda mahaifiyarsu ta riga shi rasuwa, da ɗa namiji da ya haifa a Kano tun kafin ya ƙetaro. Ba su taɓa haɗuwa ba.

Bayan sadakar arba'in ɗan ya kira ni a waya. "Baffa, kada a wahala da kotunan ƙasa biyu. Ni in riƙe na Kano, su riƙe na can."

Na ji daɗi, don na san wahalar takardu. Malamin unguwarmu ma ya ce sulhu halal ne in an yarda. Amma babbar 'yar, ma'aikaciyar ofishin tashar jiragen ruwa, ta girgiza kai.

"Non, Baffa. Kai da kanka, za ka sayi dilar atamfa ba ka kwance ba?"

"Ni? Ko daga hannun uwata!"

"To Yaya bai kwance ba. Yana lissafi da naira, mu da sefa. Shago ɗaya a nan ya fi gidan nan nasa."

Na ce mata, "'Yata, kin san rabon namiji biyu ne? Ke za ki yi asara."

"Na sani. In ya gani da idonsa ya yafe, sai in karɓa."

Ita ta biya masa kuɗin mota. Ta zagaya da shi kasuwa, ta sa maƙwabta suka faɗa masa farashin kowane shago. Ya tsaya cikin hayaniyar 'yan dako, ya juyo ya dube ta. Can ya ce, "Ƙanwata, da kin yi shiru, wa zai sani?"

Ta ce, "Baba."

Aka haɗa dukiyar wuri ɗaya aka raba. Shagon da take sa ran samu ya faɗa hannunsa.

Na shekara da shekaru ina ciniki, amma a wurin yarinyar nan na koyi cewa yardar wanda bai ga kaya ba ba yarda ba ce. Ta yi asarar shago ɗaya. Ranar ɗaurin auren autarsu kuwa, yayan ne ya taso tun daga Kano ya zauna a gurbin ubansu.